Tafintan da Ba a Tambaya Ba

A Garwa, in watan Afrilu ya kama, rana ba ta da aboki. Ƙadangare ma gindin darbejiya yake nema ya lafe, balle ɗan Adam. To, a irin wannan zafin ne, shekarar dubu biyu da biyar, Kaltumi ta sauka gidansu na Jambutu daga Yawunde, da hutun mako biyu, da faifan sidi guda ɗaya naɗe cikin ɗankwali a ƙasan jakarta.

Mahaifinta, Alhaji Dawuda, wata bakwai ke nan bai ce uffan ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata Talata yana cikin auna atamfa a rumfarsa ta babbar kasuwa, harshen ya bi hannun. Mutumin da in ya ɗaga murya ake jin sa tun daga layin masu goro, ga shi yau a kwance yana nuni da ido. In yana son ruwa ya dubi randa. In aka yi kuskure aka kawo masa kunu, ya juya fuska bango, shi ke nan an yi fushi sai gobe.

Amma muryar tasa ba ta ɓata ba, tana Kano. Daga can kakansa ya zo Garwa da fatauci, zumunci kuwa bai yanke ba. Shekara ashirin Alhaji yana aika wa ɗan baffansa Shu'aibu wasiƙa a kaset, don shi da alƙalami ba su taɓa shiri ba. Ya zauna a zaure ya danna rikoda, ya zuba labarin gida da na kasuwa, direba ya kai ta hanyar Yola, ya dawo da amsa. Da ciwon ya same shi, sai Baffa Shu'aibu ya tattara kaset arba'in da ɗaya a kwalin sabulu ya aika wa Kaltumi, tunda ita ce mai aikin kwamfuta a dangi, ya ce ta duba ko akwai abin da za a iya yi.

Akwai kuwa. Wata biyar ta yi tana saurare in ta taso daga ofis, tana yanko maganganun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Ina son ruwa. A buɗe taga. Madalla. A'a. Allah ya kyauta. Ta shirya manhajar da in ya danna maɓalli da hannunsa na hagu, kwamfuta za ta faɗi maganar da muryarsa ta da.

Sai dai a cikin sauraren nan ta tarar da abin da ta riga ta sani, ya kuma yi mata ciwo kamar yau ta fara saninsa. A kaset arba'in da ɗayan nan akwai sunan ƙanenta Isa ya fi sau ɗari. Akwai na ƙanwarta Aisatu, akwai Hajiya, wato mahaifiyarsu Inna Fati, har sunan mai gyaran rikodar ya shiga. Nata babu. Ita ce 'yar fari, kuma Alhaji mutumin da ne, bakinsa ba ya kama sunan ɗan fari. Babbar tana gaishe ku. Babbar ta ci jarrabawa. Babbar ta tafi Ngaundere karatu, mu dai sai addu'a. Ta san kunya ce, ta san ba ƙi ba ne, ita ma in an tambaye ta haka za ta yi wa baƙo bayani. Amma shekara talatin da biyu tana son ta ji yadda sunanta yake a bakin mahaifinta, ko sau ɗaya, kuma yanzu bakin ya rufe.

Saboda haka ta yi abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta yanko "kal" daga inda yake ƙorafin tsadar kalwa, ta samo "tu" a tuwo, "mi" a miya, ta liƙa su. Ku ji fa, sunan mutum guda an tsamo shi daga tukunya! Yana ɗingishi kaɗan a tsakiya, amma muryarsa ce. Ta sa shi na sittin da uku a jerin maganganun, na ƙarshe. A Yawunde sau ɗaya ta saurare shi ta kashe, don a ganinta wannan ba kira ba ne. Kira sai in shi ya danna da yatsansa, ita tana ɗakin.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, kada ku ce na ja ku cikin duhu. Mai rubuta manhaja ba ya magana da kwamfuta kai tsaye. Akwai wata manhajar a tsakani, kwampilata, mai karɓar abin da ka rubuta ta mayar da shi yaren inji. Kaltumi tafinta take ce masa, mu ma haka za mu ce. A cikin rubutun akwai maganganu tsayayyu, waɗanda aka kafa sau ɗaya ba sa canzawa, irin su "ina son ruwa". Al'adar tafinta ita ce ya zuba irin waɗannan a aji ɗaya da ya sani, ajin haruffa zalla, a nuna su a allo a karanta. Ita kuwa ta ƙera nata ajin ta sa masa suna Murya, duk maganar da ta shiga cikinsa tana goye da guntun sautinta na kaset. Matsalar ita ce ba kowane tafinta ne ya yarda a kawo masa baƙon aji ba. Sababbi sun yarda, tsofaffi ba su ma san zancen ba. Shi ya sa kafin a fara ginin manhaja ake jero masa tambayoyi, kowace da 'yar jarrabawarta ta layi biyar, in ya ci a rubuta i, in ya faɗi a rubuta a'a.

Kwamfutar ofis ba a barin ta a gida, don haka ranar Litinin ta janye mayafin da Inna ta lulluɓe tsohuwar kwamfutarta ta makaranta da shi, ta hure ta, ta girke ta kan teburi kusa da gadon Alhaji. Ta juye abin da ke faifan, ta saki tambayoyin. Suka riƙa gangarowa fari a kan baƙi, da Turanci, kowace da amsarta. Ta zuba ido sai da wadda take jira ta zo, mai cewa ana duba ko tafinta yana karɓar ajin tsayayyun maganganu na mai shi. Amsa ta ce i. Ta yi hamdala, ta sa a yi ginin, ta kira Inna daga madafa.

Aka ta da Alhaji zaune aka tokare shi da matasai. Kaltumi ta ce masa ya saurara, ta danna maɓallin farko da kanta. Allo ya rubuta "Ina son ruwa". Ɗakin shiru, sai ƙarar fanka. Ta sake dannawa, ta danna na biyu, ta murɗa sifika har ƙarshe. Haruffa suna fitowa tsaf, murya ko tari. Inna ta gyara mayafi ta ce wataƙila injin kunyar Alhaji yake ji, a ba shi kwana biyu ya saba da gidan. Alhaji ya dubi allon, ya dubi 'yarsa, sannan ya juya fuskarsa bango.

Kwana uku ta yi tana neman laifin inda ba ya nan. Ta hau mashin ta je kasuwa ta canjo sifika, ta canjo waya, ta buɗe cikin kwamfutar ta share da gashin kaza. Ta sa waƙa, waƙa ta fito rangaɗau, har Inna ta leƙo ta ce a'a, ashe dai yana da baki. Ta sake sakin tambayoyin ya fi sau goma, kowane karo amsar nan tana cewa i. Tsoro ya fara shigarta sosai, don kwanakin hutun suna zubewa, kuma ta ga idon mahaifinta ya daina bin ta in ta nufi teburin.

Ranar Alhamis bayan azahar aka ɗauke wuta. Ta ɗauki mafici ta zauna bakin gado tana yi masa fifita. Zafi ya danne gari, kurciya tana kuka can kan katanga, hannunta yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, har ta daina sanin ko ita ke kaɗa maficin ko shi ke kaɗa ta.

Sai ga ta a bakin kogin Binuwai. Rani ne, yashi ya yi fari ya miƙe, ruwan ya koma siriri can tsakiya, dorina biyu sun fito da hanci kawai. A kan yashin mata ne a layi, sittin da uku, kowace da goyo. Ba wanda ya gaya mata, amma ta san su. Waccan doguwar ita ce A Buɗe Taga, mai ƙibar nan Madalla ce, ta ƙarshe kuwa mai ɗan ɗingishi ba ta yarda sun haɗa ido ba. Wani tsoho mai farin tabarau yana fiton su a kwalekwale. Duk wadda ta zo shiga sai ya sa ta kwance goyonta ta ajiye a kan yashi, ya haye da ita ita kaɗai. Jariran suna kwance a rana suna motsa baki, abin da ke fita kuwa muryar Alhaji ce, ƙasa-ƙasa, kamar rikoda a ɗakin maƙwabta.

Ta ruga, ƙafarta tana nutsewa. Ta ce wa tsohon ai an yi da shi zai ɗauke su da goyonsu. Ta ciro takarda ta nuna masa inda aka rubuta i. Ya karɓa ya kai ta kusa da tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mata.

"Wannan ba hannuna ba ne, 'yata. Na wani mai fiton ne, a wani kogin. Ni wa ya tambaye ni?"

Fanka ce ta tashe ta, wuta ta dawo. Maficin yana ƙasa, Alhaji yana barci baki a ɗan buɗe. Ta miƙe a hankali ta kunna kwamfutar, ta saki tambayoyin, wannan karon ta tsayar da su a kan layin nan ta karanta shi harafi-harafi. Kafin amsar akwai wata 'yar kalma ƙarama mai nufin ajiyayye. Ta gan ta sau goma, idonta yana tsallake ta don ɗokin ganin i.

Abin da ya faru ke nan. Tambayoyin nan suna da yawa, suna cin lokaci, shi ya sa in an yi su sau ɗaya ake adana amsoshin a wani ɗan fayil, don gobe kada a sake wahala. Kaltumi da za ta taho ba ta tsaya tsince-tsince ba, ta kwashe jakar aikin ɗungurungum ta zuba a faifai, irin haɗa kayan mutanenmu in za su yi tafiya, har da tsintsiya. Ɗan fayil ɗin ya biyo ta tun daga Yawunde. Amsar sabon tafintan ofis ce ake ta karanto mata, shi kuwa tsohon na Jambutu ba a taɓa ba shi jarrabawar ba. Aka miƙa masa baƙon aji, ya yi kamar bai ji ba, ya zuba maganganun a ajin da ya sani. An ce matambayi ba ya ɓata. To, ita ba ta tambaya ba.

Ta goge fayil ɗin ta sake saki. Yanzu tambayoyin suka riƙa zuwa da nauyi, kowace sai ta tsaya an yi jarrabawar gaske. Da aka zo kan tata, kwamfutar ta yi ɗan gurnani, ta rubuta a'a. Abin mamaki, sai Kaltumi ta ji sanyi a ranta. A'a ce, amma ta gidan nan ce, kuma ta san maganinta: sabon tafinta.

Washegari bayan an sauko Juma'a ta tafi siba, wato shagon intanet na Marcel da ke kusa da babbar kasuwa. Marcel mutumin Yagwa ne, dogo har sai ya sunkuya a ƙofar shagonsa, yana da kwamfuta shida da farantin kama intanet a kan rufi. Ya tarbe ta da jam na, gaisuwar Fulatanci, ya zarce da Faransanci, ya ƙarasa da Hausar kasuwa, duk a numfashi ɗaya. Da ya ji girman abin da za ta sauke sai ya dafe kai, ya ce layin nan da ya raba wa mutum shida ko hoton biki da ƙyar yake wucewa. Duk da haka ya ba ta kwamfutar lungu, ya manna takarda a jikinta cewa ta lalace, don kada wani ya taɓa.

Kwana biyar abin yana saukowa. Kullum da hantsi ta zo ta zauna gaban wani ɗan layi shuɗi da ke tsawo kamar tsiron gero, ba ka ganin motsinsa sai ka tafi ka dawo. Wuta ta tafi, a jira, ta dawo, a ci gaba daga inda aka tsaya. Wani lokaci ta lumshe ido ta riƙa ganin tafintan yana tahowa a ƙasa daga wata ƙasa mai sanyi, ya ratso teku, ya ratso daji, ya tsaya shan ruwa a Ngaundere, ba ya sauri don ba shi ne mai hutun mako biyu ba.

Marcel ya ce mata me zai hana ta bar zancen ajin nan nata, ta sake rubuta abin ta hanyar da tsohon tafintan ya sani. Ta ce gini ne da aka ɗora kan tubali ɗaya, in ta zare shi sai ta rushe duka, aikin wata biyar ba ya komawa kwana biyar. Ranar Talata, wataƙila don zafi, wataƙila don shi ba ɗan dangi ba ne, sai ta ba shi labarin magana ta sittin da uku. Ya yi dariya har da buga teburi. Ya ce shi a Yagwa mahaifinsa in ya kwaɗa masa kira daga wancan bakin gonar shinkafa, har tsuntsaye sai sun tashi, ya sha fatan a ce ba shi da suna. Da dariyar ta lafa ya dube ta.

"Shi mahaifin naki ya sani?"

Ta mai da ido kan layin shuɗin, ta ce saura kaɗan.

Ranar Laraba da la'asar ya cika. Marcel ya zuba mata shi a faifai, ya rubuta Bon courage, wato Allah ya ba da sa'a, a kai da jan alƙalami. Amma ba a nan ta ƙare ba, don sabon tafinta a rubuce yake zuwa, kuma tsohon ne zai fassara shi kafin ya tashi ya yi aiki. Tsohuwar kwamfuta, tsohon tafinta, aikin yini uku. Isa ya aro ƙaramin janareta wurin maƙwabcin rumfarsu ya ajiye a tsakar gida saboda ɗaukewar wuta, Inna tana ta mitar hayaƙi yana shiga mata miya.

Yini ukun nan su ne Kaltumi ta fi tunawa daga baya. Rubutu yana ta zuba a allo ba tsayawa, kamar yayyafi a kan kwano. Ita tana zaune a tabarma tana yanka 'yan takardu, tana rubuta maganganun da ajami tunda shi Alhaji ya iya karantawa, tana manna kowace a kan maɓallinta da ƙaro. In ta ɗaga kai sai ta ga ya daina kallon bango, rubutun yake kallo, farin yana gudu a cikin ƙwayar idonsa. Ba su taɓa zama su biyu haka ba tun tana ƙarama, don ɗan fari ba ya zama kusa da uba, sai ciwo ne ya kawo. Ta manna takarda sittin da biyu. Maɓalli ɗaya can ƙasa ta dama ta bar shi haka, ba rubutu.

Ranar Asabar bayan la'asar, gobe tafiya, sabon tafinta ya zauna daram. Ta duba da kyau babu wani ajiyayyen fayil, ta yi bisimilla ta saki tambayoyin. Da aka iso layin, kwamfutar ta tsaya tana jarrabawa, daƙiƙa uku da suka yi mata kamar wa'azin Juma'a, sannan ta rubuta i. I ita kaɗai, ba 'yar rakiya.

Wannan karon ba ta kira kowa ba. Da ginin ya kammala ta ta da mahaifinta zaune, ta ɗora masa kibod, wato allon maɓallan, a cinya, ta kama hannunsa na hagu ta aza a kai, ta koma gefe. Ya daɗe yana karanta 'yan takardun. Sannan yatsansa ya sauka a kan ɗaya.

"Hajiya!"

Muryar ta cika ɗakin, ta mutum mai shekara hamsin da ƙoshin lafiya, har da kukan zakaran wata shekara a bayanta. Daga tsakar gida Inna ta amsa, "Na'am, Alhaji," yadda ta saba amsawa shekara talatin da biyar, ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Sai da ta amsa sannan ta ji abin da ta amsa. Aka ji faranti ya faɗi. Ta shigo tana salati, hannu duk ruwa, ta tsaya bakin ƙofa ta kasa ƙarasowa.

Alhaji kuwa ya samu abin yi. Ya nemi ruwa, aka kawo, ya ce a'a, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga, suka gane tsokana ce. Ya ce a buɗe taga alhali a buɗe take. Ya ce Allah ya kyauta har sau huɗu. Inna tana dariya tana share ido da bakin zane, tana cewa dama ta san in ya samu baki ba za a huta ba. Haka ya riƙa bin maɓallan layi-layi, kamar yadda yake bin bandiran atamfa in kaya sun iso, ba ya tsallake ko ɗaya. Kaltumi tana ganin yatsan yana gangarowa ƙasa, yana matsowa dama. Tana iya miƙa hannu ta janye kibod ɗin, ta ce ya huta haka. Ba ta miƙa ba.

Ya iso maɓallin da ba rubutu. Ya ɗan dakata, ya danna.

"Kaltumi."

Ya fito da ɗingishinsa, amma ya fito. Ta ji shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Abin da ta jira shekara talatin da biyu bai fi ƙiftawar ido ba, kuma ya yi daɗi, kada wanda ya ce muku bai yi ba. Bakinta ya buɗe zai ce na'am, sai ta ga fuskar mahaifinta.

Bai yi fushi ba, da ma fushin ne da sauƙi. Kunya ce ta rufe shi, irin ta dattijon da rawaninsa ya faɗi a tsakiyar kasuwa. Ya sunkuyar da kai. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Haba, ke kuwa," a hankali, ta juya ta fita. Sai a lokacin Kaltumi ta ga abin da ta yi sosai. Mutum ya riƙe bakinsa shekara da shekaru da gangan, ita ta jira sai da ya kasa hana ta, ta sa masa magana a ciki.

Alhaji ya sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin maɓallin. Hannu ɗaya ne, abin yana zamewa. Ya sake, ya sake, gumi yana tsattsafo masa a goshi, ita tana durƙushe ta kasa taimaka masa ta kasa hana shi. Can maɓallin ya yi ƙas ya ɓalle, ya bar rami a kibod kamar giɓin haƙori.

"Baba, ka yafe mini," in ji ta. "Kawo in jefar."

Ta miƙa tafin hannu. Bai dube ta ba, bai kuma ba ta ba. Ya dunƙule hannun da maɓallin a ciki, ya kwanta, ya juya bango. Ta kwashe kibod ɗin ta ajiye inda zai iya kaiwa, ta fita tsakar gida ta zauna kan turmi har aka kira magariba, tana jin ta ɓata abin da ta zo gyarawa.

Da safe motar Ngaundere ƙarfe bakwai take tashi, don a tarar da jirgin ƙasan Yawunde. Ta shiga yi masa sallama da jakarta a kafaɗa. Yana zaune, an sa masa farar riga, kibod a cinya. Ta durƙusa ta ce za ta koma. Idonsa yana kan taga. Ya lalubi wani maɓalli da gaɓar yatsa, muryar da ta ce a sauka lafiya, a gaida mutanen can. Ta ce za su ji. Ta jira ko akwai ƙari, babu, ta tashi.

Inna ta rako ta har ƙofar gida, inda mai mashin yake jira. Ta ɗora mata ƙullin dakuwa a kan jaka, ta gyara mata mayafi, tana ta faɗan kada ta sayi abincin tasha. Kaltumi ta ce a ƙara ba Baba haƙuri, in ta koma za ta aiko da sabon kibod, ta kuma cire abin daga manhajar gaba ɗaya.

Inna ta dubi titi, don ita ma ba ta iya kallon 'yar fari ido cikin ido.

"Ki bar shi yadda yake," in ji ta. "Tun jiya bai buɗe hannun nan ba. Da asuba na zo yi masa alwala, na yi na yi ya ƙi. A dunƙule na wanke masa shi."